Taron Masana Shari'a na 1958, da Abin da Ya Bar wa Hakimai

A shekarar 1958, sa'ad da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ta tara masana shida a Kaduna, su duba yadda doka za ta dace da zaman jama'a. Shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Akwai Joji Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan. Daga gida kuwa, Shettima Kashim Wazirin Borno, da Malam Musa babban alƙalin Bida, da Peter Achimugu.

Tambayar da ke gabansu ba ƙarama ba ce. A gari irin Funtuwa, inda jirgin ƙasa da cinikin auduga suka tara Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, da wace doka za a hukunta ɓarawo? Shawararsu ce ta haifi kundin laifuffuka guda ga kowa, wato Final Kot, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Aka yi ta horad da alƙalai a Kongo, Zariya. A 1962 aka sake kiran masanan su ga yadda abin ya zauna.

Amma aure da gado, waɗannan an bar wa shari'ar Musulunci da al'ada, kuma hikima ce. Rigimar aron gona, ko jingina, ko iyaka, a ƙasar Galadima ta Malumfashi ko ta Sarkin Maska, sau da yawa gaban dagaci da hakimi take farawa. Saboda haka malamin hakimi ya riƙa rubuta rana, da shaidu, da iyakokin gonar huɗu, kafin kowa ya tashi.