Darasin Juma'a: Yini guda a tsohuwar Ikko

Makon jiya ƙanena ya zo sarin atamfa a kasuwar Balogun. Da muka gama ɗaure kaya, sai na ce mu taka zuwa bakin Marina ya ga gari. Muna isa gaban babban cocin Anglika ya ja ya tsaya, ya ce, "Yaya, anya ya halatta mu tsaya muna kallon wurin nan?" Tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Turawan Ingila sun karɓe Ikko a 1861, kuma mishan sun riga su zama. Ginin da muka gani an aza harsashinsa a 1925, aka kammala a 1946. Sunan da ya fi tashi a tarihin wannan ɗarika shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro. Jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi karatu a Saliyo, ya zama bishop a 1864. Gaba kaɗan akwai cocin Katolika na Holy Cross, wanda ya kafu da jama'ar Aguda, wato 'yantattun bayin da suka komo daga Brazil da sana'ar gini a hannunsu.

To ga inda nake so mu lura. Daga nan na kai shi titin Martins, masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Attajiri Muhammadu Shitta ne ya biya kuɗin, amma maginin Ba'aguda ne, João Baptista da Costa, shi ya sa fuskar masallacin ta ɗauko salon Brazil. Da yawanmu muna wucewa ta wurin da kaya a ka, ba mu taɓa ɗaga ido ba.

Amsar da na ba ƙanena ita ce: kallon gini da sanin tarihinsa daban, shiga cikin ibadar masu shi daban. Shiga ciki kuwa malamai sun yi saɓani, musamman inda akwai mutum-mutumi da hotuna, don haka mai bukata ya tambayi limaminsa. Malaman tarihi sun kawo cewa da Sayyidina Umar ya karɓi Ƙudus, lokacin salla ya riske shi a coci, aka yi masa tayin ya yi a nan. Ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmi su mayar da wurin masallaci bayansa. Ba ƙyama ba ce, kare haƙƙin masu wurin ne. Zagin abin bautarsu kuma an hana mu, a duba Suratul An'am aya ta 108, a ja wa yaranmu masu tura baro kunne, domin irin wannan subul da baka kan jawo wa shagunan unguwa duka fitina.

La'asar ta same mu a Shitta-Bey, a nan muka yi ta, sannan muka nemi motar komawa Agege.