Yadda Ake Mayar da Mutum Baƙi da Fari a Cikin Fim Mai Kala

A nazarin fim mun fi ba da ƙarfi ga jigo da salon magana, alhali launi ma yana isar da saƙo. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda ake cire wa mutum ɗaya launi, a bar sauran hoton da kalarsa.

Da kala ake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya, sannan a kai shi kwamfuta. Edita zai zagaye jikin ɗan wasan da layi, kamar tela yana bin zane da almakashi, ya zare launin abin da ke cikin layin, ya bar haskensa kawai. Kodayake muna cewa baƙi da fari, abin da ke fitowa toka-toka ne hawa-hawa. Kuma launuka ba su da nauyi ɗaya a lissafin hasken: kore ya ɗauki kusan kashi 72 cikin 100, ja 21, shuɗi 7. Shi ya sa shuɗiyar riga takan koma duhu, koriya kuwa ta yi haske.

Wahalar tana wajen motsi. Fim yana da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, wato 1,440 a minti guda, kuma dole layin ya bi mutumin a kowanne. Bin hoto ɗaya bayan ɗaya tsohuwar dabara ce, tun 1915 Max Fleischer ya ƙirƙiro ta a Amurka don zanen katun. Yanzu manhajoji irin su After Effects da DaVinci Resolve suna bin mutum da kansu, amma gashi da yatsu da mayafin da iska ke kaɗawa sukan rikita su. Da zarar ɗan launi ya maƙale a gefen kunne, asiri ya tonu.

Misalin da na fi so shi ne Pleasantville na Gary Ross, 1998. Mutanen garin duk baƙi da fari ne, wanda ya waye sai ya sami launi, har aka fara tsangwamar masu launin. A Schindler's List na 1993 kuwa akasin haka aka yi, jar rigar wata yarinya ce aka bari da launi.

A ganina, mai son nuna fatalwa ko mamaci a cikin rayayyu ya fara gwadawa da ɗan wasan da ke tsaye cik, sanye da hula, a gaban bango mai launi ɗaya.