An Cire Haƙora Biyu, Zafin Bai Tafi Ba

Wata baiwar Allah daga Kakuri ta rubuto cewa shekara biyu ke nan kumatunta na dama yana fizgarta kamar lantarki, musamman idan tana alwala ko iskar hunturu ta buge ta. An cire mata haƙora biyu, ba sauƙi.

Hajiya, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Alamun nan sun fi kama da ciwon jijiyar fuska mai rassa uku, wanda likitoci ke kira trigeminal neuralgia. Sau da yawa jijiyar jini ce ke danne ta kusa da ƙwaƙwalwa, haƙori kuwa lafiyarsa lau. Kada ki yarda a sake cire wani kafin likitan jijiya ya duba ki.

Ki fara da Asibitin Gwamna Awan, ki nemi a tura ki asibitin Barau Dikko ko na Shika. Farasitamol ba ya taɓa wannan ciwon, taramol kuma zai iya jawo miki jaraba. Carbamazepine ake fara gwadawa, amma sai likita ya rubuta; idan ƙuraje suka feso, ki koma asibiti a ranar.

Kafin nan, ki yi alwala da ruwan ɗumi, ki rufe kumatu da gyale idan za ki hau Keke Napep, ki riƙa tauna ta hagu.