Abin Da Ke Sāke Muryar Lasifika

Garmaho na dā ba ya sāke murya sai allura ta dushe ko faifai ya tsufa. Lasifikar zamani kuwa tana da 'yar kwamfuta a cikinta, wadda ke bin umarnin da maƙeranta suka rubuta mata. Umarnin nan shi ke auna kaurin murya da sirantakarta, ya kuma tsare ƙarfi kada ya yi wa lasifika ɓarna.

To, maƙeran suna iya aiko da sabon umarni ta intanet. Haka kamfanin Apple ya yi wa lasifikarsa HomePod cikin 2018, har aka iya gama biyu su yi aiki tare, ɗaya dama ɗaya hagu.

Amma fa umarni ba ya ƙara wa lasifika girma. Kunne kuma yakan ruɗu: in ƙarfi ya ɗaɗu kaɗan, sai ya ce daɗi ne ya ƙaru. Saboda haka in za ku gwada wa almajiranku, ku sa waƙa ɗaya, a ɗaki ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Kada kuma ku kashe wuta sa'ad da sabon umarni ke shiga, don na'urar na iya mutuwa.