Sankarar Huhu da Ta Yi Nisa: Gwaje-gwajen da Ke Zaɓen Magani da Wahalhalun da Ke Biyo Baya

Sankarar huhu ba ta shigowa da sallama. Tsokar huhu ba ta jin zafi, saboda haka ƙari yakan daɗe yana girma kafin mai shi ya ji abin da zai kai shi asibiti. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da ita, miliyan 1.8 suka rasu, abin da ya sa ta fi kowace sankara kisa. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, kamar Najeriya, akwai ƙarin matsala. Tari, rama da kaki mai jini alamomi ne na cututtukan biyu, kuma sau da yawa majinyaci yakan iso sashen sankara riƙe da katin maganin tibi na wata shida, alhali gwajin kakinsa bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba. Kafin nan ciwon ya kai mataki na 4, wato ya haura zuwa ɗaya huhun, ko ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko ya tara ruwa a ƙirji. A wannan mataki, abin da magani ke nema shi ne tsawaita rai da sauƙaƙa numfashi da ciwo. Warkewa sarai ba ta cika samuwa ba.

Ba a tabbatar da cutar da hoto kaɗai. Sai an ciro ɗan tsoka daga ƙarin an duba a madubin likita. Kimanin kashi 15 cikin ɗari sankara ce mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke yaɗuwa da gaggawa kuma kusan duk masu ita mashaya sigari ne. Sauran kashi 85 ɗin su ne aka fi yi wa gwaje-gwajen da za a yi bayani.

Abubuwa biyu mabambanta ake kira alamomin sankara, kuma haɗa su wuri ɗaya yana jawo wa iyalai asarar kuɗi da fargabar banza. Na farko sinadarai ne da ake aunawa a jini, irin su CEA da CYFRA 21-1, sai NSE da ProGRP ga mai ƙananan ƙwayoyi. Waɗannan ba sa tabbatar da sankara, ba sa kuma kore ta. CEA yana hawa ga mai shan sigari da mai ciwon hanta, CYFRA yana hawa idan ƙoda ta yi rauni, NSE kuwa ko jinin da ya daɗe a kwalba har ƙwayoyinsa suka fashe yana iya ɗaga shi. Ɗan amfaninsu shi ne bin sawu: lambar da ta yi sama kafin magani, idan ta riƙa sauka, alama ce mai daɗi. Duk da haka hoton siti ne ke yanke hukunci, kuma ba a canja magani don lamba ɗaya ta motsa.

Na biyu su ne masu nauyi, domin su ke zaɓen magani. Canje-canje ne a ƙwayoyin gadon ƙarin kansa, a tsokar da aka ciro ake nemansu, wani lokaci kuma a jini. A 2004 masu bincike a Amurka suka gano cewa majinyatan da ƙwayar gefitinib ke yi wa aiki na ban mamaki suna da canji a EGFR. Ana samun wannan canji ga kashi 10 zuwa 15 na Turawa masu nau'in adenokasinoma, ga mutanen gabashin Asiya kuwa yakan kusanci rabi, kuma ya fi yawa ga mata da waɗanda ba su taɓa shan sigari ba. A 2007 aka gano canjin ALK a Japan, wanda ke shafar kashi 3 zuwa 5, yawanci masu ƙarancin shekaru. Akwai kuma ROS1, KRAS, BRAF, MET da RET. Mai canjin EGFR ana ba shi ƙwaya ya sha a gida, kamar osimatinib. Mai ALK a ba shi irin su alektinib. Ƙarin yakan koyi kauce wa maganin daga baya, shi ya sa ake sake gwaji idan ciwon ya motsa.

Gwajin PD-L1 kuwa yana nuna ko maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, irin pembrolizumab, zai yi tasiri. Idan ya kai kashi 50 ko fiye, ana iya ba da shi shi kaɗai. Amma ga mai canjin EGFR wannan magani ba ya yin abin kirki ko da lambar ta yi sama. Gwaje-gwajen nan suna da tsada, wani lokaci sai an tura tsokar wani gari ko waje, a jira mako biyu ko uku. Ga wanda jikinsa zai iya jira, biyan kuɗin gwajin ya fi alheri a kan sayen magani mai tsada a makance.

Wanda ba a sami irin waɗannan canje-canje a ƙarinsa ba, ko ba shi da halin gwajin, kimoterafi ne ginshiƙin maganinsa. Ana haɗa sisplatin ko kaboplatin da wani na biyu, kamar pemetreksed, paklitaksel, jemsitabin ko etoposayid, ta hanyar ƙarin ruwa, duk kwana 21, zagaye huɗu zuwa shida. Maganin yana kai wa duk ƙwayar halitta mai saurin rarrabuwa hari, don haka ɓargo, fatar cikin baki, hanji da saiwar gashi suke shan wahala tare da ƙarin.

Wahalhalun suna da lokutansu. Tashin zuciya da amai suna zuwa a kwanakin farko, kuma sisplatin ya fi kowa kawo su. Maganin amai irin ondansetiron da deksametason ana shan sa ne a kan ƙa'ida tun kafin aman ya fara. Wanda ya jira sai ya ji zuciya na tashi ya makara. Zubewar gashi, musamman da paklitaksel, tana farawa a mako na biyu ko na uku. Ita ta fi tayar wa iyali hankali, kuma ita ce mafi sauƙi, domin gashi yana dawowa.

Haɗarin gaske yana tsakanin kwana na 7 da na 14, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa. Majinyaci yana gida, aman ya lafa, kowa na ganin an samu sauƙi. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 a wannan tsakani, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare, domin ana son allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jiki cikin awa guda da isowa. Kuskuren da aka fi gani shi ne a ce maleriya ce, a aika yaro kemis ya sayo magani da farasitamol, zazzaɓin ya ɓuya, washegari a kawo mutum jininsa ya faɗi, ba ya gane wanda ke kansa. Maleriyar ma za a gwada, amma a asibiti, tare da ƙidayar jini. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, kuma bai kamata gidan da ake kimoterafi ya kwana babu shi ba. Wani abin lura ga likitoci: yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan halitta ƙidayar fararen ƙwayoyinsu takan yi ƙasa da ta Turawa alhali lafiyarsu ƙalau. Ƙidayar da aka yi kafin fara magani ita ce abin kwatance, don kada a riƙa ɗage zagaye babu dalili.

Ƙoda ita ce haɗari na biyu. Sisplatin yana yi mata illa, shi ya sa ake haɗa shi da ruwa mai yawa, ake kuma auna ta kafin kowane zagaye. Diklofenak da ibuprofen, da jiƙe-jiƙe da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, suna iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji. Zafin bazara da azumi a kwanakin magani suna ƙara bushewar jiki, don haka a tattauna da likita tukuna. Mai shan pemetreksed dole ya riƙa shan folik asid kullum, a yi masa allurar bitamin B12 duk mako tara, in ba haka ba gyambon baki da faɗuwar jini su tsananta. Ana kuma gwada ciwon hanta nau'in B tun farko, domin kimoterafi yana iya tayar da shi daga barci.

Jin yatsu sun mutu, ko kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, ko ƙara a kunne, alamun taɓuwar jijiya ne. Majinyata sukan ɓoye su don tsoron a tsayar musu da magani. Wanda ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, ko silifas ya fita daga ƙafarsa bai ji ba, ya faɗa da wuri a rage adadi, domin wannan lahani yana iya zama na dindindin.

Ƙwayoyin da ake ba mai canjin EGFR suna kawo ƙuraje a fuska da ƙirji da kuma gudawa. Maganin garkuwar jiki yana iya sa jiki ya juya wa huhu, hanji, hanta ko maƙoƙo, har bayan watanni da daina shi, kuma sabon haki ko gudawa mai naci ga mai shan sa abin gaggawa ne.

Kafin kowane zagaye likita yana duba ƙarfin majinyaci. Wanda ke kwance fiye da rabin yini, kimoterafi ya fi cutar da shi a kan ya amfane shi. Kulawar sauƙaƙa ciwo, wato mofin don zafi da haki, zuƙe ruwan ƙirji, da kula da cin abinci, ana fara ta ne tun ranar da aka gano cutar. A binciken da aka wallafa a 2010 daga wani babban asibiti a Boston, majinyatan da suka samu wannan kulawa da wuri tare da maganinsu sun fi jin daɗin rayuwa, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.