Idan Ka Karɓi Riƙon Mesa

Kafin ta shigo gidanka, tambayi tsohon mai ita irinta da abin da take ci. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, 'yar asalin dazukan Gana, Togo da Benin, ita ce ta dace da sabon hannu. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, amma tana iya kai shekara 30. Babbar mesar daji kuwa, ka bar ta inda take.

Makon farko kada ka taɓa ta, bari ta saba da wurin. Akwatinta ya kasance da gefe mai ɗumi, wajen digiri 31, da gefe mai sanyi, kowanne da maɓoya. Murfin ya kullu sosai, domin maciji gwanin sulalewa ne, maƙwabta kuma ba za su saurari bayani ba.

Lokacin hunturu iska takan bushe, saɓarta ta maƙale. Sa mata kwanon ruwa mai faɗi, ka riƙa yayyafa ruwa a shimfiɗarta.

Mataccen ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14 ya ishi babba, mai rai yana iya cizon ta. Bayan ta ci, ba ta kwana biyu kafin ka ɗauke ta, in ba haka ba ta amayar. Wanke hannu da sabulu duk sanda ka taɓa ta.