YADDA AKE MAIDO DA TAKARDAR DA AKA SHARE A KWAMFUTA

A ce malamin hakimi a ƙasar Bagudo ya yi wata uku yana shigar da iyakokin gonakin fadama da burtalan Sharabi cikin kwamfuta. Ran nan sai hannunsa ya kuskure, takardar ta ɓace, ga kuwa manoma da makiyayan da suka ƙetaro daga Jamhuriyar Benin suna zaure, suna jiran a raba musu gardama. To, kada hankalinsa ya tashi, gama sau da yawa takardar tana nan.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta kankare rubutu nan take. Sunan takardar kaɗai takan soke, ta mai da wurin ba mai shi. Watau kamar gona ce da aka cire sunan mai ita daga rajista: kunyoyinta suna nan sai ran da wani ya sa garma. Haka sabon rubutu yakan hau kan tsohon, daga nan kuwa sai haƙuri.

Ga abin da malamin zai yi, bi da bi:

1. In yanzu abin ya auku, sai ya danna Ctrl da Z tare.

2. In ba ta dawo ba, ya buɗe kwandon shara, wanda aka rubuta wa Recycle Bin, ya zaɓi takardar, ya danna Restore. Za ta koma mazauninta.

3. In an riga an zubar da kwandon, ko da Shift da Delete aka share ta, ko kuwa a filasha take, lalle ya dakatar da aiki. Kada ya ajiye kome a wurin.

4. Sa'an nan ya nemi manhajar ceto, kamar Recuva ko PhotoRec, ko Windows File Recovery wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2020. Amma fa kada ya sauke ta inda takardar ta ɓace, abin da ya ceto kuma ya ajiye shi wani wuri dabam.

A lura, kwamfuta mai ma'aji irin SSD takan goge wurin da kanta ba da jimawa ba, don haka ceto daga cikinta da wuya.

Saboda haka wajibin hakimi ne ya ga kowace Juma'a an kwafe rajista a filasha biyu, an buga muhimman shafuka a takarda, an sa hatimi, an kulle a akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya.